Ni Yake So Ko Batirina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na karanta abin da kuka rubuto mini. Masu cewa "Hidaya ki riƙe shi da kyau, irinsa sun yi ƙaranci," na gode. Masu cewa in buɗe idona, ku ma na gode, kuma yau maganarku ce ta fi zama mini a rai. Wanda bai san ni ba, ni ce Hidaya ta Sabon Garin Maraɗi, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. Bari in faɗa muku abin da ya hana ni jin daɗin tuwo a makon nan.

Tun da sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta yanke, garin nan ya koma wani iri. A kawo wuta da hantsi, kafin ka lalubo cajar waya an ɗauke. Ni dai Allah ya rufa mini asiri tun kafin haka. Tumakin da na yi shekaru ina kiwo na sayar, na haɗa da adashina, na sayi panno masu ɗaukar wutar rana aka jera mini a kan rufin ɗaki, da manyan batura, da firigo mai murfi a sama. A lokacin Yaya Tanimu har dariya ya yi mini, wai na sayar da masu haihuwa na sayi madubi. Yanzu duk layinmu gidanmu kaɗai ake samun ƙanƙara mai tauri, har daga bakin tasha ake zuwa da kula.

A cikin wannan hali ne Abdulmutallib ya fara zuwa wurina zance.

Ɗan Tsibiri ne, dogo, ba shi da jiki, yana sa tabarau, kuma kusan kullum cikin shadda ruwan toka mai guga kamar yanzu aka ɗauko ta daga wurin mai wanki. Ya yi jami'a, aikin kwamfuta yake yi. Ya ce a wurin bikin wata 'yar uwarmu ya fara ganina, ina raba zoɓo kaina a ƙasa. To, ƙila haka ne. Amma ni abin da na riƙe shi ne, ranar da ya fara sallama a ƙofar gidanmu, kafin ya dube ni sai da ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinmu. A lokacin na ɗauka kunya ce irin tawa.

Wata ranar Lahadi bayan la'asar muna zaure, shi a kan tabarma, ni a bakin dakali ina wasa da gefen hijabina, sai ya ce, "Hidaya, kin san gayya?"

Na ce, "Ɗiyar manomi ce ni hwa."

"Madalla. To, gayya muke yi ni da abokaina, amma ta na'urori."

Ya yi mini bayani a hankali, kuma gaskiya ya iya bayani. Wai suna karɓar hotunan fadamar Gulbi da aka ɗauka daga sama, na'ura ta yi lissafi a kansu, a gane inda ruwan ƙasa ke janyewa, don masu garka a Jiratawa su san yadda za su yi ban-ruwa ba tare da sun ƙona mai a banza ba. Da can wata babbar na'ura ce a ƙasar waje ke yi musu lissafin. Da aka yi juyin mulki masu tallafa musu suka janye, aka rufe musu ƙofa. Shi ne suka yanke shawarar su yanyanka aikin, kamar yadda ake raba wa 'yan gayya layi a gona. Kowace kwamfuta, a duk gidan da take, ta nome layinta, ta aika ta intanet, a haɗa.

Ya ce, "Sai dai akwai matsala guda. Cikin kowace kwamfuta akwai wata 'yar aba, faɗinta bai kai tafin hannun jariri ba, ita ce ƙwaƙwalwa, ana ce mata furosesa. Su ma tsara-tsara ne kamar mutane. Akwai tsofaffi 'yan tsara ta huɗu, suna nan birjik da araha, ofisoshi sun zubar. Akwai sababbi 'yan tsara ta goma sha biyu, su kuwa tun da aka ruhe iyaka sai da tonawa. Muna son mu gane, mu tara tsofaffi da yawa, ko mu nemi sababbi kaɗan."

Na ce, "Ai mai sauri za ku ɗauka."

"Ba sauri kaɗai ba, gimbiya. Ɗan gayya ba a yabon shi sai an ga furar da ya sha kahin ya kai ƙarshen layi. Wutar da kowace ta ci kahin ta gama aikinta, ita ce magana. Shi ya sa muke neman gidajen da wuta ba ta yankewa."

Ku da kuke karantawa kun riga kun gane inda maganar ta dosa, ni ma na gane. Amma ni tun ina ƙarama "a'a" nauyi take yi mini a baki. Da Baba ya ji kuwa cewa aikin na masu garka ne, shi da yake da garkarsa a Jiratawa, sai ya ce a kawo, ai aikin lada ne.

Aka kawo tsohuwar kwamfutar. Baƙin akwati ne duk ƙarzuna, da ragowar takardar wani ofis manne a gefensa. Abdulmutallib ya ajiye ta kusa da firigona, ya jona mata wata 'yar mita mai jajayen lambobi. Yana kunnawa ta ɗauki gurnani, wani zafi na fita ta bayanta kamar an buɗe tukunyar dambu.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu. Ta ce, "Yaro, wagga aba tana jin magana?"

"A'a Inna, lissahi kawai take yi."

"Uhm."

Daga ranar, duk lokacin da Inna za ta yi maganar sojoji ko tsadar shinkafa sai ta ja ni can bayan madafa, ta rage murya. Rannan ma tsohon zani ta samo ta lulluɓe ta ruf, wai ko da ido gare ta. Na'urar ta dinga ihu kamar za ta tashi sama. Da Abdulmutallib ya zo ya gani, har durƙusawa ya yi yana roƙon Inna ta bar ta ta sha iska.

Wannan duk abin dariya ne. Abin da ba na dariya ba shi ne ƙanƙarata.

Da, in na buɗe firigo da safe, ƙullin ƙanƙara kamar dutse, sai na sa taɓarya nake raba su. Bayan zuwan baƙar na'urar nan, da asuba sai batura su fara wannan ƙaramin kuka nasu na sun gaji. In taɓa ƙulli in ji ruwa na motsi a tsakiya. Idirisa mai lemun bakin tasha, wanda bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ya ɗaga ƙulli ɗaya ya girgiza a kunnensa ya ce, "Hajiya Hidaya, wannan ƙanƙara ce ko kwakwa?"

Na ji kunya kamar in nutse. Na koma ɗaki na ɗauki waya na rubuta wa Abdulmutallib:

"Ina kwana. Batiri ya yi kuka yau da asuba."

Nan take ya amsa: "Lahiya lau gimbiya. Da ƙarhe nawa ya fara? Ɗauko mini hoton mita."

Na ɗauka na tura. Ya turo alamar babban yatsa. Na zauna ina kallon wayar, ko zai ce yaya ciniki, ko yaya na kwana. Sai can ya ƙara: "Kar ki bari Inna ta ruhe ta."

'Yan uwa, na ja saƙonninmu sama na yi ta karantawa. Hoton mita, hoton mita, hoton mita. Ni da ban taɓa tura masa hotona ba saboda kunya, shi ma ashe bai taɓa roƙa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce Baba ya dawo daga Jiratawa da buhun tattasai da damin zogala. Bayan ya ci abinci ya kira ni. Ya ce, "Hidaya, yaron ga ya daɗe yana zarya. Ni ban yi maki dole, kin sani. Ki tambayi ranki. In kina so nai, ya turo manyanshi. In ba ki so, ya ɗauki akwatinshi ya ba wasu wuri. Juma'a mai zuwa in na dawo ina son in ji."

Yaya Tanimu da ke gefe yana sakace ya ce, "Mi za ta tambaya, Baba? Mutum mai ilimi, ba ya shan komi, ga ladabi."

Inna ta ce, "Ga shi kuma ya gyara maka salula kyauta."

"Inna ke nan!"

"Ni dai ban taɓa ganin saurayin da ka shigowa gida ya gaida akwati kahin ya gaida budurwa ba."

Ni dai na tattara kwanuka na fita.

Ranar Talata ina ƙulla zoɓo sai ga saƙon murya daga Samira, ɗiyar Gwaggona da ke aure a unguwar Zariya ta nan Maraɗi. Na sa a kunne. "Hidaya, ba gulma ba, wallahi ba gulma ba. Amma babur ɗin mutuminki, baƙin nan mai jan kujera, sau da yawa ina ganin shi ƙohwar gidan Alhaji Sha'ibu. Kuma gidan akwai panno bisa. Kuma akwai budurwa, 'yar jami'a. Ni dai na hwaɗa maki."

Ledar da ke hannuna ta suɓuce, zoɓo ya wanke mini ƙafa.

Ni ba mai fita ba ce. Kasuwa ma in ba dole ba Inna ke zuwa. Amma ranar Laraba da hantsi na yi wanka, na sa atamfata mai ganyen shuɗi wadda na ɗinka da ƙaramar salla, na ɗora hijabi ruwan madara, na sa kwalli, har na shafa turaren da nake ɓoyo a ƙasan akwati. Na cika ƙaramar kula da zoɓo. Na ce wa Inna zan kai wa Samira. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Samirar ce aka sa ma turare?" Amma ba ta hana ni ba.

Samira ce ta yi mana sallama a gidan, ta ce ta kawo 'yar uwarta mai zoɓo ko za su riƙa saye. Gida ne mai dakali da tayil, da bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Budurwar ta fito cikin doguwar riga baƙa, da ɗankwali ɗaure sama-sama, da biro soke a gefensa. Sunanta Tsahara. Na so a ce mai girman kai ce, da na ji sauƙi. Ina! Fara'a kamar ta shekara da sanina.

Da ta ji sunana sai ta tafa hannu. "Ke ce Hidaya? Hidaya ta Sabon Gari, mai manyan batura? Kai, sannu da zuwa! Kullum Abdul yana zancenki."

Abdul. Ni ko sunansa ban taɓa iya kira ba, Malam nake cewa.

Samira ta ce, "Zancenta ko zancen batura?"

Tsahara ta yi dariya, ba ta gane ba, ko ta yi kamar ba ta gane ba. Ta ja hannuna. "Zo ki ga abokiyar gwajin taku."

A falonsu, a kan wani ɗan tebur mai gilashi, na gan ta. Ba ta fi kwalin sukari girma ba. Fara sol, tana ƙyalli, da 'yar fitila shuɗiya. Na kasa kunne ban ji komai ba. Na ɗora hannu a kanta, ɗumin bai fi na ƙwan da kaza ta tashi a kai ba.

Na ce, "Tana aiki yanzu?"

"Sosai. Wagga tsara ta goma sha biyu ce. Aiki iri ɗaya ake ba su da taku, don a gwada. Kahin taku ta gama layi guda, wagga ta kusa gama na uku, kuma wutar da take ci ba ta kai rabin ta taku ba. Tsohuwar nan ko ba ta aikin komi, zaman banza ma ci take yi."

Na janye hannuna. Da ƙyar na ce, "To, mi ya sa aka kawo sabuwar nan gidan?"

"Batirinmu ƙarami ne, ba ya iya ciyar da tsohuwar, kahin tsakar dare ya mutu. Abdul ya ce duk Maraɗi gidan Hidaya ne kaɗai ka iya ɗaukar ta."

Ta sayi zoɓon duka. Har ta raka mu bakin titi.

Ba mu yi nisa ba Samira ta fara. "Kin gani da idonki. Namiji in ya raba kaya, ki duba wadda ya ba sabo. Ita an kai mata amarya ta zauna a falo, ke an kawo maki tsohuwa mai tari tana cinye maki jari."

Da na dawo gida na kasa ɓoye wa Inna. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Tun zamaninmu, saurayi ba ya kai ma wadda yake so tsohon zani. Ko goro ne, fari yake zaɓa mata."

Yaya Tanimu ya leƙo daga ɗakinsa. "Haba Inna, wannan ba toshi ba ne, gwaji ne. Kaya mai nauyi ai bisa naka kake aza shi."

"Bisa jaki ake aza shi," in ji Inna.

Na shiga ɗakin firigo na rufe ƙofa. Baƙar na'urar na ta gurnaninta, jajayen lambobi na ta hawa. Wata zuciyar ta ce mini maganar Yaya gaskiya ce, mutum ba ya ɗora wa bare wahalarsa. Wata ta ce, to in ke tasa ce, ya taɓa tambayar ki yadda ƙanƙararki ta kwana? Na tuna tumakina, musamman wata mai baƙin kunne da ke bina har bakin rijiya, wadda na yi kuka ranar da aka ja ta. Ba don in ciyar da akwatin wani na rabu da ita ba.

Na kama wayar wutar na zare.

Ɗakin ya yi tsit. Sai ƙarar firigona kaɗai, siririya, wadda na daɗe ban ji ba.

Na rubuta masa, na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe na tura: "Malam, na cire na'urarka. Batirina na ƙanƙarata ne. Ka zo ka ɗauka."

Alamar nan biyu ta koma shuɗiya. Na ga yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya daina. Har rana ta faɗi ba amsa. Na ce a raina, shi ke nan, Hidaya, ga amsarki. In na'ura ta tafi ya bi ta, kin huta da tambayar ranki.

Yau Alhamis da safe na buɗe firigo, ƙanƙara kamar dutse. Idirisa ya ƙwanƙwasa ƙulli a jikin kularsa ya ce, "Yauwa, yau kam an dawo hanya." Na yi murmushi, amma idona na kan waya.

Bayan la'asar na ji tsayuwar babur. Na leƙa ta tsagin ƙyaure. Shi ne, da babban kwali da igiyar roba. Ya gaida Inna daga bakin zaure, ta amsa a daƙile. Yaya Tanimu ya ɗauko masa na'urar da mitar. Ya sa a kwali, ya ɗaure a bayan babur, ya ja igiyar ya ƙara ja. Ya ɗora hannu a kan makulli. Na runtse ido ina jiran in ji ya tayar.

Ban ji ba.

Da na buɗe ido ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarma, inda ya saba zama. Yaya Tanimu ya shigo yana washe baki. "Ke, tashi ki tahi, ana jiranki."

Na fita da hijabin gida, ko kwalli babu. Na zauna a bakin dakali na ba shi gefe.

Ya ce, "Kin yi daidai da kika cire ta. Laihina ne. Gwajin ya ƙare tun makon jiya, mun gane tsofaffin ba su da riba, in aka tara su batura za su kashe ma mutane. Sababbi za mu nema ko kaɗan ne."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ya ƙare tun makon jiya? To, mi ya sa ka bar ta tana cinye mini wuta?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "In na ɗauke ta, da wane dalili zan riƙa yi maki saƙo kowace sahiya? Ke ba ki magana, ni kuma ban iya zancen samari ba. Mita ce kaɗai na samu."

'Yan uwa, kar in yi muku ƙarya, wani abu ya narke a ƙirjina. Amma na tuna Tsahara ta ce kullum yana zancena, ashe a wurinta ya iya zance, na dake.

"Na je gidan Alhaji Sha'ibu."

"Tsahara ta hwaɗa mini. Abokiyar aiki ce, Hidaya. In da ita nika so, ai gidansu kawuna za ya tahi gobe, ba nan ba."

Na ɗago kaɗan. "Gobe?"

"Bayan an sauko Juma'a, in kin yarda. Ya riga ya sayi goro."

Na sunkuyar da kai, na ji fuskata na zafi. Na'ura na cikin kwali, ba abin da ya rage masa a gidan nan, ga shi kuma zaune. Na ce a raina, Allah na tuba, na zargi bawanka. Na buɗe baki zan ce to.

Sai ya gyara zama ya ce, "Af, kahin in manta. Pannon nan da batura, in an tashi kai ki, cikin kayan ɗakinki suke, ko na gida ne?"

A bayan ƙyaure na ji Inna ta yi wani ɗan tari.

Na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da ya fara zuwa. Ba dariya a fuskarsa, ba kuma alamar ya san ya faɗi wani abu. Ya mayar da tabarau ya ce, "Tambaya ce kawai. Ɗakin da na kama mana a Tsibiri ba a ja mashi wuta ba."

Gobe Juma'a. Baba na hanya, goro na hanya, "to" ɗin da na ɗauko kuwa tana nan maƙale a wuyana, ta ƙi fita ta ƙi komawa.